Shin Makarantar Dare Tana Ƙara Wa Lebura Albashi?

 A makon nan muna so mu amsa wata tambaya da aka sha yi mana a ofis. Mutum yakan zo a rubuta sunansa cikin littafin rajista, mu miƙa masa alƙalami ya sa hannu, sai ya ce a ba shi tawada ya dangwala yatsa. In muka ce masa, "Baba, me ya hana ka shiga ajin yaƙi da jahilci na unguwarku?" sai ya dube mu ya ce, "To, Malam Akawu, in na shiga na gama, nawa za a ƙara mini?"

Masu jawabi a bainar jama'a ba su son wannan tambaya. Abin da suka saba faɗi shi ne ilmi haske ne, jahilci duhu ne, a yi tafi, a watse. Ba mu ce sun yi ƙarya ba. Amma ɗan dakon da ya bar 'ya'ya biyar a gida ya fito Dawanau tun asuba, ba da haske zai auno musu dawa ba. Wanda za a ce ya ajiye aikinsa na sa'a biyu ko uku kowace rana ya zauna bisa benci, ciniki ake yi da shi, ba a kuwa ciniki sai an faɗi kuɗi. Saboda haka ga amsarmu tun da fari, sa'an nan mu kawo hujja. Karatun girma yana da riba. Amma ribarsa a cikin albashi 'yar kaɗan ce, tana kuwa daɗewa ba ta iso ba, kuma akwai sharuɗɗan da in ba a cika su ba, ba ta zuwa ko kusa. Duk wanda ya ce muku wata shida a aji zai mai da lebura attajiri, ƙuri'arku yake nema.

Abin Da Kakanninmu Suka Gani

Mu fara da gida. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta wancan zamani ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Coomassie yana cikin manyan waɗanda suka ja ragamarsa. Aka buɗe azuzuwa a zauruka da gindin itatuwa, ana koya wa manya karatu da rubutun boko da ɗan lissafi cikin harshensu. A Zariya aka kafa hukumar NORLA domin ta riƙa buga littattafai masu araha da ƙananan jaridu na larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, don wanda ya koyi karatu ya sami abin karantawa. Wanda ya ci jarrabawa kuwa aka ba shi takardar shaida.

Waɗansu daga cikin masu wannan takarda sun ci moriyarta ƙwarai. En'e tana neman masu rubuta haraji da masinjoji da 'yan doka, kamfanonin sayen gyaɗa da auduga suna neman wanda zai tsaya a bakin sikeli ya rubuta nauyi, ga azuzuwan kansu suna neman malamai. Tsofaffi sukan ba da labarin wane da ya shiga aji yana talaka tilis, ya fito yana ɗaukar albashi. Ba mu ƙaryata labarin ba, amma a lura da dalilinsa. A lokacin nan masu karatun boko a Arewa ƙalilan ne, aikin da ke buƙatarsu kuwa sai ƙaruwa yake yi, gama ana shirin mulkin kai. Ku 'yan kasuwa kun fi mu sanin wannan doka. Tumatirin da ake zubarwa a bakin hanya da rani, shi ne ake rububinsa da farkon damina, alhali tumatir bai sake ba. Ƙarancin masu takarda shi ya sa takardar ta yi tsada.

Waɗanda suka koma gona kuwa, babu jarida babu wasiƙa, da yawansu karatun ya zube musu bayan 'yan shekaru, balle da aka rufe NORLA a 1959. Daga baya an sake ɗaura ɗamara. A 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya a Jihar Kano, har UNESCO ta yaba mata da lambar girma a 1983, a 1990 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa baki ɗaya. Duk da haka, ƙididdigar shekarar 2018 ta nuna kimanin kashi 62 cikin 100 na manyan Nijeriya ne suka iya karatu da rubutu. Watau cikin mutum goma kusan huɗu ba su iya ba, kowa kuwa ya san Arewa ce ta ɗauki kaso mai nauyi. Sa'an nan kasuwar takarda ta sake. Wanda ya fito da shaidar ajin manya a yau, zai tarar da mai shaidar sakandare a gabansa cikin layi, a gaban wannan kuma ga mai digiri wanda ya gaji da jira har ya kama tuƙin adaidaita sahu. Ƙofar da kakanninmu suka shiga ta ƙuntata.

Shaida Daga Ƙasar Da Ke Rubuta Kome

To, yaya za a auna ribar karatun girma da ma'auni na gaskiya? A ƙasarmu, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2023 da 2024 cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna irin aikin da ba shi da takardar ɗauka, ba fansho, ba littafin albashi. Abin da mai faci ko ɗan tebur ya samu a wata, daga shi sai Allahnsa. Saboda haka bari mu ɗauko shaida daga ƙasar da hukuma ke rubuta abin da kowane mutum ya samu kowace shekara, watau Suwidin, can arewacin Turai.

Tun 1968 hukumomin garuruwan Suwidin ke da makarantun manya. A farkon shekarun 1990 tattalin arzikin ƙasar ya karye, bankuna suka girgiza, mutane da yawa suka rasa aiki, waɗanda karatunsu bai yi nisa ba su suka fi shan wuya. Sai gwamnati ta fito da babban shiri mai suna Kunskapslyftet, watau ɗaga ilmi, daga 1997 zuwa 2002. Ƙasar da mutanenta ba su wuce wajen miliyan 9 ba a lokacin, ta biya kuɗin gurabe kimanin 100,000 kowace shekara domin manyan da ba su gama sakandare ba. Babban abin lura shi ne, ba a ce wa mutum ya zo aji da yunwa ba. Wanda ya cika sharaɗi, ana ba shi kuɗin zama na shekara guda daidai da abin da ake ba marar aiki, don ya ci da iyalinsa yana karatu.

Wani masanin tattalin arziki na ƙasar mai suna Anders Stenberg ya bi sawun irin waɗannan mutane cikin littattafan hukuma. A binciken da ya buga a 2011, ya ɗauki 'yan'uwa 'yan gida ɗaya masu shekara 24 zuwa 43 a 1994, wannan ya koma makarantar manya, wancan bai koma ba, sa'an nan ya duba abin da suke samu a 2004, bayan shekara goma ke nan. Ya tarar wanda ya koma aji ya fi da kimanin kashi 4.4 cikin 100 a shekara. Ya kuma ce in aka lissafa dukan abin da jama'a suka kashe, da kyar ribar ta mayar da uwar kuɗi. Mu kawo wannan kaso gida don a gane shi. A 2024 aka mai da albashi mafi ƙanƙanta a Nijeriya naira 70,000 a wata. Kashi 4.4 cikin 100 na wannan shi ne naira 3,080. Ba kuɗin da talaka zai raina ba ne, amma ba da shi ake gina gida ba.

Shi da abokin aikinsa Olle Westerlund kuma suka gwada marasa aikin da suka shiga horo a 1997 kashi biyu: waɗanda suka zaɓi koyon sana'a guda, da waɗanda suka zaɓi karatun aji irin na sakandare. Suka bi su har 2010. A shekarun fari masu sana'a ne a gaba, gama sun riga sun kama aiki sa'ad da waɗancan ke kan benci. Sai bayan shekara biyar zuwa bakwai masu karatun aji suka cim musu. Ba a Suwidin kaɗai aka ga wannan jinkiri ba. A 2018 waɗansu masana uku, cikinsu har da David Card wanda ya sami kyautar Nobel a 2021, suka tattara bincike fiye da 200 daga ƙasashe dabam dabam a kan shirye-shiryen taimakon marasa aiki. Suka tarar a shekarar fari amfanin kusan babu, sai bayan shekara biyu ko uku yake fitowa, shirye-shiryen horo da karatu kuwa su suka fi nuna haka.

A lura fa, leburan Suwidin ya iya karatu da rubutu, sakandare ce kaɗai ya rasa, namu kuwa daga baƙi da wasali yake farawa, don haka ba za mu ce lissafinsu shi ne namu daidai wa daida ba. Amma darasin a fili yake. In ƙasa mai arziki, mai malamai ƙwararru, wadda ta ciyar da ɗalibi yana karatu, ta sami riba 'yar kaɗan bayan shekaru, to, me za a samu daga ajin da aka buɗe da kaɗe-kaɗe gaban 'yan jarida, aka rufe shi bayan wata uku don ba a biya malami ba?

Shaida Daga Maƙwabta

Shaida ta biyu daga Jamhuriyar Nijar take, inda harshenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. A 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services ta buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka fiye da 100 a yankunan Dosso da Damagaram, ana koyarwa da Hausa da Zabarmanci. Da rani ake yin aji, kwana biyar a mako, sa'a uku a rana, gama sun san da damina ba mai barin gona. Wata malama daga Jami'ar Tufts ta Amurka mai suna Jenny Aker, ita da abokan aikinta, suka sa aka raba ƙauyukan biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka yi musu karatu yadda aka saba. Rabi kuma aka ƙara musu da koyon aiki da wayar hannu, yadda ake danna lamba da yadda ake rubuta saƙo, aka ba su wayoyi suna yin karo-karo da su.

Da aka yi jarrabawa, mutanen ƙauyukan waya suka fi a rubutu, suka fi a lissafi. Bayan an rufe aji da watanni aka sake gwada su, aka tarar karatun kowa ya ɗan ja baya, amma masu waya suna nan a gaba a lissafi. Dalilin ba boyayye ba ne. Wancan ya rufe littafinsa ya rataye, wannan kuwa kullum yana da abin da zai karanta da wanda zai rubuta wa, ga shi a lokacin saƙo ya fi kira araha nesa ba kusa ba. Wuƙar da ake yanka da ita ba ta tsatsa. Wannan bincike karatu ya auna, ba albashi ba. Amma ita wannan malama ta riga ta nuna a wani binciken cewa shigowar waya cikin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda falke yana iya jin farashin wata kasuwa kafin ya ɗora kaya a mota. Ashe labari kuɗi ne, wanda kuwa ya iya karanta shi da kansa ba ya biyan ɗan tsakiya.

Inda Ribar Ɗan Kasuwa Take

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi shafarku. Yawancin masu karanta jaridar nan ba su da uban gidan da zai ƙara musu albashi. Mai tebur a Sabon Gari, da mai awo a Dawanau, da yaron shago a Kantin Kwari, da matar da ke suyar ƙosai ko saƙar hula a cikin gida, su ne ma'aikatan kansu. Ribar karatu gare su ba ta zuwa cikin ambulan a ƙarshen wata. Tana zuwa ta wajen toshe ƙofofin da kuɗi ke zurarewa.

Ga misali. A ce buhun masara yana da kwano arba'in, mai awo kuwa bai iya raba kuɗin buhu da na dako da na mota bisa kowane kwano ba, sai dai ya bi farashin maƙwabci. In ya yi kuskuren naira 20 kacal a kwano, ya yi hasarar naira 800 a buhu. In yana karkaɗe buhu biyar a mako, naira 4,000 ke nan ta tafi, watau hasararsa ta mako guda ta fi ƙarin da muka lissafa wa mai albashi na wata guda. Haka mai ba da bashi da ka, wanda in mai bashi ya musa ba shi da shaida. Haka matar da ke zubin adashi ba ta iya duba littafin uwar adashi ba. Haka leburan da ya dangwala yatsa a takardar da ta ce an biya shi kwana talatin, alhali na ashirin da biyar ya karɓa.

Kowa kuma ya tuna farkon shekarar 2023, sa'ad da aka sake takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Dole ta sa mai sayar da albasa da mai nama suka karɓi taransifa. Wanda ya iya karatu ya duba wayarsa ya ga ko kuɗi sun shiga. Wanda bai iya ba sai ya dogara ga abin da mai saye ya nuna masa, macuta kuwa suka sami kasuwa da alat na ƙarya. Har yau akwai dattijon da ke miƙa wa yaro katinsa na banki tare da lambar sirri don a ciro masa kuɗi wurin mai POS. Dā jahilcin boko yana hana mutum aikin En'e ne kurum. Yau yana shiga har cikin aljihunsa a tsakiyar kasuwa. Saboda haka muka ce ga ɗan kasuwa ribar karatu ta fi ta mai albashi saurin zuwa, muddin abin da aka koya masa shi ne abin da zai yi aiki da shi gobe da safe.

Karatu Ba Ya Gina Masaƙa

Amma kada a ɗora wa karatu kayan da ba nasa ba. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, waɗansu masaƙu suka biyo baya a Kaduna da Kano, dubban mutane suna cin abinci a ciki. A 2002 aka rufe ta, waɗansu da yawa kuma suka bi sahu, saboda rashin wutar lantarki da tsadar aiki da kwararowar yadi mai araha daga waje. Mutanen da aka sallama sun iya karatu, sun iya inji, waɗansu da takardunsu na horo a cikin akwati. Takardun ba su hana su komawa acaɓa da gadi ba. In guraben aiki biyu ne a gari, aka koya wa mutum goma karatu, guraben suna nan biyu. Abin da zai faru shi ne aikin ya tashi daga hannun wani talaka ya koma hannun wani talaka. Gwamnatin da ta ce za ta kashe rashin aiki da aji kaɗai, ba wuta, ba hanya, ba jari, tana so ne ta ɗora wa marar aiki laifin rashin aikinsa.

Haka zancen albashi. An kai mafi ƙanƙantarsa naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. Amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan mai aikin jinga ko na kamasho ba, ba ta kuma hau kan ɗan ƙwadagon gona na damina ba. Watau yawancin leburorinmu suna bayan katangar dokar. Ko a nan karatu yana da amfani, gama wanda ya iya karanta takardar ɗaukarsa ya san abin da aka yi masa alkawari, ya kuma san inda zai kai ƙara. Amma ƙarin lada ba ya faɗowa don mutum ya iya karatu. Sai ya iya wani aikin da dā bai iya ba, ya kuma sami wanda ke neman wannan aikin.

Akwai kuma wani ƙulli da ya kamata a gane. Mai kamfani ba ya son kashe kuɗi wajen horar da maigadi ko mai shara, gama yana tsoron in ya iya zai tafi wani wuri. Shi kuma lebura ba ya iya barin aikin sa'a uku, gama abin da ya samu yau shi za a ci yau, ga kunyar zama bisa benci da furfura. Kowane ɗayansu yana da hujja, amma ƙarshenta wanda ya fi kowa buƙatar horo shi ne ba ya samu. Wannan ƙulli ba mai kwance shi sai hukuma, ko jama'a in sun haɗa kai.

Abin Da Muke Nema

Na ɗaya, a biya wa ɗalibi lokacinsa. Tun 1971 akwai asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda hedkwatarsa ke Jos, kamfanonin da doka ta hau kansu suna zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara, ana kuma mayar musu da wani kaso in sun horar da mutanensu. Muna neman a keɓe rabo sananne daga wannan horo domin na ƙasa, watau masu dako da masu shara da masu gadi, a ba su sa'o'in karatu cikin lokacin aiki ba tare da an yanke musu ko kwabo ba. Ga waɗanda ba su da uban gida kuwa, a sa aji a lokacin da kasuwa ta lafa, manoma a yi musu da rani, mata a yi musu cikin unguwa da malamai mata, littafi da alli kuma kyauta.

Na biyu, a koyar daga cikin sana'a. Darasin fari na mai awo ya zama kwano da buhu da naira, na tela ya zama inci da yadi, na kowa da kowa ya zama rasit da saƙon banki da rubuta bashi. A fara da Hausa, sa'an nan a ƙara Turancin da sana'ar ke buƙata. Kada kuma a kira wanda ya yi karatun allo ya iya ajami jahili. Mutumin da ya riga ya san baƙi da wasali, ya saba riƙon alƙalami, ba daga tushe yake farawa ba, a gina masa bisa abin da yake da shi.

Na uku, a ba da takardar da mai ɗaukar aiki ya sani. Bakanike ko birkila ko mai walda wanda ya yi shekara goma yana aiki, amma ba shi da shaidar kome, in ya bar garinsu ya koma yaro. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da jarrabawar gwajin sana'a mai daraja uku, daga ta uku zuwa ta ɗaya. A Kaduna kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta haɗa kai da masu sana'ar kasuwar Panteka don a gwada gwanintarsu a ba su shaida. Kowane ajin manya ya kamata ya zama yana da hanyar da ta kai ga irin wannan jarrabawa, domin takardar da za ta bi mutum duk inda ya je ita ce ke ba shi bakin yin ciniki a kan ladansa.

Na huɗu, a biya malamai a kan kari, a kuma duba ko suna zuwa. A Nijar an gwada buga waya kowane mako ga malamin aji da mai gari da waɗansu ɗalibai, a yankunan Maraɗi da Damagaram, ana tambayar ko an yi karatu, aka tarar wannan ɗan abu kaɗai ya ƙara wa ɗalibai ƙoƙari. Ba tsada gare shi ba, kula kurum yake so.

Na biyar, a daina ƙidaya mana yawan waɗanda aka rubuta sunansu ran buɗe aji. A gaya mana nawa suka gama, nawa ke iya karanta wasiƙa bayan shekara biyu, nawa suka sami aiki ko ƙarin ciniki bayan shekara biyar. Kuɗin jama'a ne ake kashewa, jama'a kuwa suna da haƙƙin ganin lissafi.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku zauna jiran gwamnati. Kowace kasuwa tana da ƙungiya da shugabanni, kuna tara kuɗin gadi da na shara da na jaje. In mutum arba'in suka zuba naira 1,000 kowane wata, naira 40,000 ke nan, ta isa ku yi magana da malami guda ya riƙa zuwa rumfa bayan an tashi kasuwa, ku kuwa ke da ikon sallamarsa in bai yi aiki ba. Ku iyayen gida masu yaran shago, ku sake su sa'a guda su je. Kuna tsoron in yaro ya iya zai tafi, amma ku lissafa abin da kuke hasara kowace shekara a hannun yaron da bai iya rubuta abin da ya sayar ba. Ku mazaje, ku bar matanku su je, gama jarin da ke hannunsu na gidan ne.

Saboda haka, Baba mai tambaya, ga amsarka. Ba mu yi maka alkawarin ƙarin albashi a wata mai zuwa ba, kada kuma ka yarda da wanda ya yi maka. In ka shiga aji, a shekarar fari wahala za ka gani, wataƙila har abin da kake samu ya ɗan ragu. In ka daure, kana kuwa aiki da abin da ka koya kowace rana, za a daina cutarka a lissafi tun ba a je ko'ina ba, bayan 'yan shekaru kuma kana iya hawa matakin da dā ba ka isa ba. Kafin ka zauna bisa benci ka tambayi malami abin da zai koya maka, da takardar da za a ba ka, da wanda ke biyansa. In amsar ta gamsar da kai, ka shiga, ko da furfura. Allah Ya ba mu sa'a, Ya kuma sa guminmu ya zama namu. Amin.